Yajin Ma'aikata da Bikon Gwamnati

Kowa a Dogon Daji ya san yaji. In mace ta ga an ƙuntata mata a gidan miji, ba cefane, ba sutura, ba magana mai daɗi, sai ta ɗauki mayafinta ta tafi gidan iyayenta. Ba a sake ta ba, aure yana nan. Ta janye hannunta daga tukunya ne don maigida ya ji yunwa, ya san amfaninta. In yana da hankali sai ya nemi dattawa su tafi biko. A zauna, kowa ya faɗi ta bakinsa, a gyara, ta komo ɗakinta.

Daga nan aka samo kalmar yajin aiki. Ma'aikata ne za su ajiye kayan aiki gaba ɗaya, su ce ba za su koma ba sai an dubi kukansu. Suna son aikinsu, gyara suke nema. A wannan darasi za mu ga yadda abin ya faro, da irin amsar da gwamnatoci suka yi ta bayarwa. Wani lokaci da doka suka fito, wani lokaci da kulki, wani lokaci har da bindiga. Amma kusan kullum sai an komo an zauna biko.

Wani zai ce, ina ruwan manomi da wannan? To, mu mutanen ƙasar Sakkwato mun daɗe da sanin aikin lada. Da an gama girbi, samari sukan ɗaura ƙunshi su tafi cin rani. A ranin 1952 zuwa 1953 gwamnati ta sa an ƙidaya masu fita daga Lardin Sakkwato a bisa hanyoyi da mashigun ruwa. Aka sami fiye da mutum 250,000, har da waɗanda suka ratso daga ƙasar Nijar. Waɗansu suka nufi Kurmi, waɗansu Gana, waɗansu manyan garuruwan Arewa. Har gobe 'ya'yanmu na Tambuwal da Kebbe da Dogon Daji suna fita. Wanda ya bar gonarsa ya tafi dako ko gini a birni ya zama lebura, ko da na wata huɗu ne.

Ku lura da bambancin manomi da lebura. Manomi yana da gona. In ya ƙi noma, kansa ya cuta. Lebura kuwa ba shi da inji, ba shi da jirgi, ba shi da ramin kuza. Ƙarfinsa kaɗai yake sayarwa. In shi ɗaya ya ce kuɗin bai ishe shi ba, sai a ce ya kama hanya, ga wasu goma a bakin ƙofa suna jira. In kuwa duka suka tsaya rana ɗaya, inji ya tsaya, mai inji ya fara hasara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa ma'aikata suke kafa ƙungiya, su zaɓi shugabanni, kowa ya riƙa ba da ɗan abin da ya sawwaƙa a wata, don ranar da albashi zai tsaya.

A Ingila da Amurka

A Ingila aka fara gina manyan masaƙu masu aiki da injin tururi, yau fiye da shekara 200 ke nan. Mutane suka bar ƙauyuka suka cika birane. Ana aikin awa 12 ko 14 a yini, har da mata da ƙananan yara. Da ma'aikata suka fara haɗa kai, sai majalisar ƙasar ta yi doka a 1799 da 1800, ta hana su taruwa don neman ƙarin lada. Ba a soke wannan doka ba sai a 1824.

Ko bayan an soke ta, hukuma ba ta saki jiki ba. Ga wani labari da ya kamata manomi ya ji. A wani ƙauye da ake kira Tolpuddle, 'yan ƙwadagon gona suna karɓar sule 9 a mako. Masu gonaki suka rage zuwa sule 7, suna kuma shirin mayar da shi 6. Sai waɗansu suka kafa ƙungiya, suka yi rantsuwa a asirce cewa ba za su ci amanar juna ba. A 1834 aka kama mutum shida, babbansu George Loveless. Kafa ƙungiya ba laifi ba ne a lokacin, saboda haka aka tono wata tsohuwar doka ta hana rantsuwar asiri, aka yi musu shari'a da ita. Alƙali ya yanke musu shekara 7, aka zuba su a jirgin ruwa zuwa Ostireliya, can ƙarshen duniya. Mutanen Ingila suka ce ba su yarda ba. Kusan mutum 800,000 suka sa hannu a takardar kuka. A 1836 gwamnati ta yafe musu, aka dawo da su gida. Sai a 1871 aka yi dokar da ta ba ƙungiyoyin ma'aikata cikakkiyar tsayawa a ƙasar.

A Amurka abin ya fi zafi. Ranar 1 ga Mayu 1886 ma'aikata suka yi yaji a garuruwa da yawa, suna neman a mayar da aiki awa 8 a yini. Ranar 4 ga wata, a birnin Shikago, wani ya jefa bom cikin 'yan sanda a wurin taro. 'Yan sanda suka buɗe wuta, aka mutu ta kowane gefe. Ba a gano wanda ya jefa bom ɗin ba, amma aka gurfanar da mutum takwas, aka rataye huɗu a 1887. A 1893 gwamnan jihar ya ce shari'ar ba ta yi adalci ba, ya saki uku da suka rage a kurkuku. Wannan shi ne asalin hutun ranar ma'aikata da kuke ji a rediyo kowace 1 ga Mayu. A Nijeriya, gwamnatin Jihar Kano ta Muhammadu Abubakar Rimi ce ta fara ba da hutun a 1980, gwamnatin tarayya ta bi a 1981.

Abin ya iso ƙasarmu

Aikin albashi ya shigo mana tare da Turawa, yaji kuma ya biyo shi a baya. A watan Agusta 1897 gwamnan Ikko, watau Legas, wani mai suna McCallum, ya so ya rage ladan leburorin ma'aikatar ayyuka, ya kuma sauya musu lokacin aiki. Kusan mutum 3,000 suka ajiye aiki. Kwana uku aka yi, gwamna ya sassauto. A wannan shekara Turawa ba su ma ci Sakkwato ba tukuna, sai a 1903.

Daga nan aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Ta iso Kano a 1911, reshenta kuma ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Ta nan gyaɗa da auduga da fatun lardinmu suke fita, ta nan gishiri da kananzir da yadi suke shigowa. Ma'aikatan reluwe suka yi yawa, suka kuma gane ƙasa duka a hannunsu take tafiya. A 1938 gwamnati ta yi doka ta yarda a kafa ƙungiyoyi, in dai an yi musu rajista. Ƙungiyar ma'aikatan reluwe ce ta fara yin rajista, shugabanta kuwa Michael Imoudu. Ku riƙe wannan suna.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939. Jiragen ruwa suka koma ɗaukar soja da makamai. Kaya suka yi wuya, komai ya yi tsada, albashi yana nan inda yake. Bayan kuka mai yawa, a 1942 gwamnati ta ƙara wa ma'aikata wani ɗan kuɗi a bisa albashi, ana ce masa kuɗin tsadar rayuwa. Amma a wannan shekara kuma ta yi dokar yaƙi ta hana yajin aiki. A farkon 1943 aka kori Imoudu daga aiki, aka kama shi, aka tsare shi a Auchi ba tare da shari'a ba.

Mutanen ƙauyukan Arewa sun ga tasu wahalar a wannan lokaci. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila take samun yawancin kuzarta. Sai aka juyo kan kuzar Jos. Leburori ba su isa ba, gwamnati ta umarci En'e-En'e su kawo mutane tilas. Hakimi ya aza wa dagaci, dagaci ya aza wa mai unguwa, a ɗebi magidanta a kai su Jos su yi wata huɗu. Mutane suka sa wa abin suna ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi kusan mutum 100,000. Ga sanyin tsaunin Jos, ga ƙarancin abinci, ga cuta, da yawa ba su komo ba. Waɗannan bayin Allah ba su da ƙungiya, ba su da jarida, ba mai magana da yawunsu. Abin da suka iya shi ne gudu. Dubbai suka sulale da dare suka kama hanyar gida. A ganinmu wannan ma yaji ne, irin na wanda ba a bar masa bakin magana ba. Kuzar da aka samu ba ta kai yadda aka zata ba, labarin mace-macen kuma ya kai majalisar Ingila. A 1944 aka daina.

Babban yaji na 1945

Da yaƙi ya ƙare a Turai, ma'aikatan gwamnati suka kai kukansu. Abu biyu suka nema. A ƙara musu rabin kuɗin tsadar rayuwa a bisa wanda suke karɓa, kuma kada ladan lebura ya gaza sule 2 da sisi a yini. Ga waɗanda ba su tarar da kuɗin da ba, kwabo 12 ne sule, sisi rabin sule ne, sule 20 kuma fam ɗaya.

Gwamna Richards yana hutu a Ingila, Whiteley ne yake riƙe da ƙasa. Amsar da gwamnati ta bayar ita ce babu kuɗi. Ta kuma ce ko an ƙara ba zai yi amfani ba, don kaya ne suka yi ƙaranci. In kuɗi suka yi yawa a hannu, kaya ba su ƙaru ba, sai 'yan kasuwa su ƙara farashi. Wannan magana akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, za mu komo kanta. Abin da ya ɓata ta shi ne, a wannan lokacin gwamnati tana ƙara wa ma'aikatanta Turawa alawus iri iri, har da na iyalin da suka bari a gida. Wanda ya ƙoshi ba shi ne zai koya wa mai jin yunwa haƙuri ba.

Aka saki Imoudu, a farkon Yuni mutanen Ikko suka tarye shi kamar sarki. Gwamnati ta yi gargaɗi cewa yaji ya saɓa wa doka, wanda ya shiga zai rasa aikinsa da fanshonsa. Waɗansu shugabannin ƙungiya suka tsorata, suka ce a ɗaga da mako biyu. Imoudu da ƙananan ma'aikata suka ce ba a ɗagawa. Ranar 22 ga Yuni 1945 jirage suka tsaya. Ƙungiyoyi 17 suka shiga, ma'aikata fiye da 30,000: na reluwe, na tashar jiragen ruwa, na gidan waya, na ma'aikatar ayyuka, na maɗaba'ar gwamnati. Abin ya bi layin dogo har Kaduna da Zariya da Kano. Ba jirgi, ba wasiƙa, ba waya.

Mutum zai yi tambaya, me suka ci a wannan kwanaki, tun da ba albashi? Jama'ar gari ce ta riƙe su. Matan kasuwar Ikko suka riƙa sayar musu da abinci da rahusa, waɗansu suka ba da bashi, waɗansu kyauta. Masu gidajen haya da yawa suka ɗaga musu ƙafa. Herbert Macaulay da Nnamdi Azikiwe, shugabannin jam'iyyar NCNC, suka goya musu baya. Gwamnati ta kama waɗansu shugabannin ma'aikata ta kai su kotu. A watan Yuli ta rufe jaridun Azikiwe guda biyu, West African Pilot da Daily Comet. Duk wannan bai sa jirgi ya motsa yadda ya kamata ba.

Kwana 44 aka yi a Ikko. A waɗansu garuruwan larduna sai da aka ƙara kwanaki. Daga ƙarshe aka zauna. Gwamnati ta yi alkawari ba za ta kori kowa ba, za ta kuma kawo mai bincike daga Ingila ya dubi maganar tsada. Aka kawo Tudor Davies. Ya zaga, ya ji ta bakin kowa, ya duba farashin kasuwa. A 1946 ya fitar da rahotonsa, ya ce ma'aikata suna da gaskiya, a ƙara musu rabin nan da suka nema. Gwamnati ta biya. Abin da aka ce babu shi a watan Yuni ya samu bayan an yi hasarar kwana 44.

Makwabtanmu na ƙasashen da Faransa take mulki su ma sun yi nasu. Ma'aikatan reluwe na can, kusan 20,000, suka yi yaji daga Oktoba 1947 har Maris 1948, fiye da wata biyar, suna neman a daidaita su da Turawan da suke aiki iri ɗaya.

Jinin da aka zubar a Enugu

Jirgin ƙasa na wancan zamani da kwal yake tafiya, watau wani baƙin dutse mai ci kamar gawayi. A Enugu ake haƙo shi tun 1915. Jirgin da yake zuwa Ƙauran Namoda ɗaukar gyaɗa, kwal ɗin Enugu yake ci. Aiki ne mai wuya. Mutum ya shiga rami mai zurfi da fitila, ga zafi, ga ƙura, ga tsoron rufin rami ya rufto.

A watan Nuwamba 1949 mahaƙa suka ce suna bin hukumar ma'adinin bashin waɗansu kuɗi na baya. Hukuma ta ce ba sa bin ta kome. Su kuwa ba su fita yaji sosai ba, wata dabara suka yi. Kowa ya zo aiki da safe, amma ya yi ta jan jiki, abin da ake haƙowa a yini ya ragu ƙwarai. Manaja ya kori waɗansu daga cikinsu. Sai suka zauna cikin ramin suka ƙi fita, don kada a kawo waɗansu a maye gurbinsu.

A wurin haƙar akwai ɗakin ajiyar nakiya, wadda ake fasa dutse da ita. Gwamnati ta ji tsoron kada nakiyar ta faɗa hannun masu neman tayar da fitina. Ta aika 'yan sanda da bindigogi su kwashe ta. Mahaƙa kuwa da suka ga ana kwashe nakiya, sai suka ɗauka rufe wurin za a yi, a bar su ba aiki. Kowane gefe yana tsoron ɗaya, ba kuma wanda ya tsaya ya yi wa wani bayani.

Ranar 18 ga Nuwamba 1949, a ramin Iva Valley, mahaƙa suka taru kewaye da 'yan sanda suna waƙa suna taka ƙasa. Baturen 'yan sanda, F. S. Philip, bai san harshensu ba, bai san al'adarsu ba. Ya ɗauka za su auka masa. Ya ba da umarni a yi harbi, shi ma ya harba. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni.

Labari ya bazu. Aka yi tarzoma a Aba da Fatakwal da Anaca da Kalaba. 'Yan siyasar da ba sa ga maciji da juna suka haɗu a kwamiti ɗaya. Gwamna Macpherson ya kafa hukumar bincike a ƙarƙashin Fitzgerald, da alƙalai biyu 'yan Afirka a ciki. Rahoton ya fito a 1950. Ya ce mahaƙa ba su zo da niyyar faɗa ba, Philip ya yi kuskuren hukunci. Ya ɗora laifi a kan masu tafiyar da ma'adinin, ya kuma ɗora wani a kan sakataren ƙungiyar, Okwudili Ojiyi. Ba a gurfanar da Philip gaban alƙali ba. Mu dai muna ganin kalmar kuskure ta yi ƙanƙanta ga rai 21. A wannan shekara aka kafa sabuwar hukumar kwal, aka kuma ƙara kula da hanyoyin sasanta ma'aikata da masu ba su aiki. Mutane da yawa da ba ruwansu da siyasa a da, daga ranar Enugu suka fara cewa gara Turawa su tafi.

Bayan mun karɓi mulki

Turawa suka tafi a 1960. Ma'aikata suka zaci kakarsu ta yanke saƙa. Shekara uku suka wuce, albashin lebura bai taka kara ya karya ba, ga ministoci da manyan ma'aikata cikin manyan motoci da gidajen da Turawa suka bari. A ƙarshen Satumba 1963 aka yi gajeren yaji, gwamnati ta kafa hukuma a ƙarƙashin Mai Shari'a Adeyinka Morgan. Ya miƙa rahotonsa a watan Afrilu 1964. Gwamnati ta riƙe shi ta yi shiru.

Ƙungiyoyin da suke gaba da juna suka haɗa kai, da Imoudu da Wahab Goodluck da Alhaji H. P. Adebola a gaba. Suka yi jerin gwano a Ikko, 'yan sanda suka tare su a gadar Carter da kulake da barkonon tsohuwa, waɗansu shugabanni suka ji rauni. Ranar 1 ga Yuni 1964 yaji ya fara. Wannan karo har ma'aikatan kamfanoni da na kantuna suka shiga, daga Ikko har Kano da Kaduna, kusan mutum 800,000. Morgan ya ce a ba ƙaramin lebura na Ikko fam 12 a wata. Gwamnati ta ce fam 9 da sule 2 za ta iya. Firayim Minista, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi magana ta rediyo, ya ba ma'aikata kwana biyu su koma ko a kore su. Ba su koma ba. Bayan kwana 13 aka zauna, daga baya aka daidaita a kan fam 10, ba a kuma kori kowa ba.

Ku duba da kyau. A 1945 Bature ne a kan kujera, a 1964 namu ne, mutumin kirki kuma wanda aka san shi da gaskiya. Amma amsar kusan iri ɗaya ce: babu kuɗi, sai gargaɗi, sai 'yan sanda, sa'an nan zama. Dalili kuwa, gwamnati ita ce alƙali, ita ce kuma babbar mai ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan. In ma'aikata suka yi ƙara, ita suke ƙara, a gabanta kuma. Miji ne aka ce ya yi wa kansa biko.

Sojoji da suka zo, hannunsu ya fi nauyi. A 1969, ana cikin yaƙin basasa, gwamnatin Gowon ta yi dokar soja ta hana yaji ɗungum. A 1977 gwamnatin Obasanjo ta hana Imoudu da waɗansu shugabanni sake riƙe ƙungiya. A 1978 aka haɗa ƙungiyoyi ƙarƙashin uwa ɗaya, NLC. Sau biyu soja suna rushe shugabanninta su naɗa kantoma, a 1988 zamanin Babangida, da 1994 zamanin Abacha. Imoudu ya ga duk wannan da idonsa, don bai rasu ba sai a 2005, yana da shekara fiye da 100.

Mun ce za mu komo kan maganar tsada. Dattawanmu suna tune da Udoji. A farkon 1975 aka biya ma'aikatan gwamnati babban ƙarin albashi, har da na watannin baya a dunƙule, bisa shawarar hukumar Jerome Udoji. Ma'aikata suka cika kasuwa suna sayen rediyo da keke da babur. Nan da nan farashin kome ya tashi. Manomin da bai karɓi ko kwabo ba, shi ma ya sayi yadi da gishiri da sabon farashi. Haka kuma in likitoci suka yi yaji, talaka ne yake kwana da mara lafiya a gida. In malamai suka yi, 'ya'yansa ne suke zaune. A 2022 malaman jami'o'in gwamnati sun yi wata takwas ba su shiga aji ba. Saboda haka in an ja yaji ya yi tsawo, ko laifin gwamnati ne ko na ƙungiya, akwai mutum na uku da yake biyan kuɗin, kuma ba a kiransa wurin zaman sulhu.

A watan Mayu 1981 NLC, ƙarƙashin Hassan Sunmonu, ta yi yajin kwana biyu tana neman a sa doka kan mafi ƙarancin albashi. Ta nemi naira 300 a wata. Aka daidaita a kan naira 125, shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari, makwabcinmu na garin Shagari, ya sa hannu. Wannan ce doka ta farko irinta ga ƙasa duka. An yi ta sabunta ta, kusan kowane karo sai an kai ruwa rana. A 2019 aka kai naira 30,000. A farkon Yuni 2024 ma'aikata suka yi yaji har suka kashe wutar lantarki ta ƙasa, suka tsayar da jiragen sama. A watan Yuli na shekarar aka sa hannu kan naira 70,000.

Doka ta shimfiɗa matakai kafin a kai ga yaji. Da fari ɓangarorin biyu su zauna da mai shiga tsakani. In ya gagara a kai wa ministan ƙwadago, ya naɗa mai sulhu. In ya gagara a tafi gaban kwamitin sasantawa, daga nan sai kotun ma'aikata, wadda aka kafa a 1976. Dokar ta kuma ce mai ba da aiki yana iya riƙe albashin kwanakin da aka yi ana yaji, ko da yake sau da yawa akan yafe wannan a wurin sulhu.

Akwai abu guda da ya kamata ɗan cin rani ya sani. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan kowa ba. Ta ware wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ta ware mai aikin jinga, wanda ake biya gwargwadon abin da ya yi. Ta kuma ware aikin da yake zuwa da lokaci, irin na gona. Watau ɗan dako a kasuwar Sakkwato, da lebura a wurin ginin wani ɗan kwangila ƙarami, da ɗan ƙwadagon da muke ɗauka noman gero a nan Dogon Daji, duk suna waje. Ladansu yana nan a kan cinikin da aka yi da baki, a bakin gona ko a gindin gini, kafin a ɗauki fartanya ko kwanon siminti.